Faɗuwar Gwadabe a Zauren Surukai

A Gafasa in ka ce Gwadabe, ba mai tambayarka wanne. Akwai wasu Gwadaben, amma su sai an haɗa da sunan ubansu. Namu, wanda dangar kara ce kawai tsakanin gidanmu da nasa, manomin gyaɗa da gero ne kamar kowa, sai dai ba noma ne ya fito da shi ba, baki ne. Duk saurayin da ya ga yarinya, magana ta kai gaban manya, to Gwadabe za a tasa a gaba ya je nema. Tun kafin Turawa su tafi yake wannan aiki, ba a biyansa komai sai goro da addu'a.

Allah ya ba shi gaisuwa. In ya tsuguna gaban uban yarinya, sai ya gaishe shi da gajiya, da iyali, da sanyi, da rana, har akuyar da ta haihu shekaranjiya sai ya ji lafiyarta da ta 'ya'yanta. Kafin ya iso kan abin da ya kawo shi, uban yarinya ya yi laushi, ƙafarsa ta yi tsami, ya ce, "Malam Gwadabe, mun ba ku, Allah ya sa alheri." Rabin matan unguwarmu bakinsa ne ya kawo su.

Sai kunya. Mahaifiyarsa Bafulatana ce, a nono ya sha abarsa. Ba wanda ya taɓa ganin Gwadabe yana cin abinci a waje. Gidan da ya je neman aure kuwa, tunda sun zama surukai, ko ruwa ba ya sha. A kawo moɗa ya karɓa hannu biyu, ya kai ta kusa da leɓe, ya ajiye ya ce alhamdu lillahi. Uwar Barira, matarsa, har ta koma ga Allah ba ta taɓa ganin muƙamuƙinsa yana motsi ba. Ta sha tambayar 'yarta ko mijin nan nata iska yake haɗiya.

Abu na uku da yake taƙama da shi, lafiya. Yakan ce shi rabonsa da kwanciya ciwo tun kaciya.

To, shekarar da motoci suka koma hannun dama, sai ciwon kai ya kama shi a ƙeya, kunnensa yana ƙugi kamar an tono gidan zuma. Ya daure har ya kasa. Ran nan ya ce wa mutane za shi Gaya sayen igiyar jaki, ya zarce ɗakin shan magani, ranar da likita yake zuwa daga Kano. Aka naɗa masa wani ƙyalle a dantse, aka yi ta hura masa iska har hannun ya yi nauyi. Likita ya dubi abin awo, ya dubi Gwadabe, ya ce hawan jini ne. Aka ba shi ƙwaya iri biyu: wata 'yar fara ta safe, da wata rawaya, safe da rana da dare. Malamin asibiti ya tsaya yi masa bayani dalla-dalla, amma Gwadabe ya gano ɗan wani abokinsa ne na Ajingi, sai ya shiga gaishe shi da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Duk bayanin, abin da ya shiga kunnensa shi ne safe, rana, dare.

Ya dawo ya juye ƙwayoyin a battar taba, shi da ba ya shan taba, ya ce wa Barira in wani ya ji, a bakin aurenta. Tsoronsa kada a ce Gwadabe ya zama na asibiti, a daina aikensa.

Ciwon kai ya tafi, amma ya bar baƙi a gidan. 'Yar farar nan ba ta barinsa zama. Daga safe zuwa hantsi Gwadabe yana hanyar bayan gida, butarsa ba ta hutawa, mu na bayan danga har muka fara tunanin ko tsimi yake gwadawa. Rawayar kuma ta toshe masa hanci, muryarsa ta koma kamar ta algaita, bakinsa ya bushe, gyangyaɗi ya aure shi. In ya miƙe da sauri sai ya ga gari ya juya, ya dafa bango ya yi kamar yana duba aikin magina. Duk ya shanye, bai faɗa wa kowa ba.

Ana cikin haka maganar Inuwa ta taso. Inuwa ɗan wansa Tukur ne, yana gyaran keke a kasuwar Ajingi, kuma a hannun Gwadabe ya tashi, don su Barira Allah bai ba su ɗa namiji ba. A kasuwar ya ga Fanta, 'yar Goni Ari na Kademi, tana taya kakarta Hajja sayar da turaren wuta. Barebari ne, tun kakanni suke nan, suna noma suna fataucin kanwa. Inuwa ya sayi turaren wuta har ɗakinsa ya fi ɗakin amarya ƙamshi, shi da ko kasko ba shi da shi. Yarinya tana so, yaro yana so, damina biyu ana abu ɗaya. Saura manya su shiga.

Ranar tafiya, da sassafe, Gwadabe ya zauna da batta a hannu yana lissafi. Ƙwayar rana a Kademi za ta same shi, a tsakiyar zauren surukai. Ta dare ma watakila a can. Ya buɗe baki ya jefa abu, ya kora da ruwa, Goni yana kallo? Gara a ce masa ya je ba wando. Sai dabarar manomi ta zo masa: taki ko da safe ka zuba ko da yamma, gona ɗaya za shi. Ya tattara rawaya uku da fara ɗaya ya watsa a baki.

Barira ta saki ludayi. "Malam! Haka aka ce ka sha?"

"Ciki ɗaya za su, Barira. Can sa raba wa kansu lokaci."

"To ka sha koko mana, ka ƙara da ruwa, rana za ta yi."

"In sha ruwa in je in tambayi surukai hanyar makewayi? Ke dai ba ki san mutunci ba."

Bazara ce, irin wadda ƙadangare ma yake neman inuwa. Ya hau keke, abokinsa Maikuɗi yana biye da ƙwaryar goro ɗaure a bayan nasa keken. A hanya Gwadabe ya yi ta sauka yana shiga bayan kalgo, har Maikuɗi ya ce, "Wai kai gonakin mutane kake wa ban ruwa ne, ko alama kake sawa kada mu ɓata a dawowa?"

Suka isa gab da azahar. Zauren Goni Ari cike, ga 'yan uwansa, ga maƙwabta, kowa ya zo jin bakin Gwadaben da ake faɗa. Aka kawo ruwan randa mai sanyi, moɗar har raɓa take. Maƙogwaron Gwadabe kamar an zuba masa toka, amma ya kai ta kusa da leɓe ya ajiye. Ya tsuguna ya fara gaisuwa. Harshe yana manne wa dasashi, hanci a toshe, duk da haka bai rage ko akuya ɗaya ba. Yana cikin yi ya ji 'yar farar ta sake ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ya matse, ya ci gaba, har ya ajiye maganar Inuwa a gaban Goni yadda ta kamata.

Goni Ari ya gyara rawani ya fara amsawa. Shi ma ba baya ba ne wajen magana. Ya ɗauko tun daga kakansa da ya taso daga gabas da raƙuma. Gwadabe yana tsugune yana gyaɗa kai, jama'a suna cewa kai, dattijon nan akwai ladabi. Raƙuman Goni ba su ƙaraso Kademi ba sai aka ji minshari.

Goni ya tsaya da baki buɗe. Maikuɗi ya miƙa hannu ya mintsini Gwadabe a cinya. Gwadabe ya farka firgigit, ya ga idanu a kansa, kunya ta ɗebe shi ya miƙe zumbur, shi kansa bai san ina za shi ba. Nan take ya ga rana ta faɗi da tsakar rana. Ya tafi luu, ya zube kan ƙwaryar goro, goro ya watse har ƙofar gida. Abin da ya yi ta matsewa tun ɗazu kuwa ya samu hanya, wandon sabuwar shadda ya gaya wa kowa.

Wani daga baya ya ce, "Innalillahi! Farfaɗiya ce!"

Ai kafin ya rufe baki zaure ya zama kango. A wancan zamani mutane sun ɗauka ko yawun mai farfaɗiya ya taɓa ka ka ɗauka, kuma tana bin jini. Dattawa masu ciwon gwiwa ranar suka warke. Maikuɗi, aminin shekara da shekaru, shi ya fara kai ƙofa, ya bar takalmansa a ciki, har yau in an tambaye shi sai ya ce taimako ya fita nema.

Da Gwadabe ya buɗe ido, rufin zaure ya gani, sai fuskar wata tsohuwa mai zane a kumatu tana leƙensa, ta dogara sanda. Hajja ce, mahaifiyar Goni. Ita kaɗai ta shigo daga cikin gida.

"Kai ɗan Fillo," ta ce, don Barebari da Fulani abokan wasa ne, "neman aure aka aiko ka, ko wankin tabarma?"

Gwadabe ya rufe ido yana roƙon Allah ƙasa ta tsage.

"Buɗe bakin in gani." Ta duba. "Ikon Allah. Na ga masu faɗuwa a rayuwata, kumfa suke yi suna shure-shure. Kai ka kwanta kamar buhun kanwa, bakinka kuma ya fi kanwar bushewa. Ungo ruwa."

Ko a nan, yana kwance cikin abin kunyar da ya fi kowanne, Gwadabe ya karɓi moɗa ya kai kusa da leɓe ya ajiye.

Bai iya hawa keke ba. A kan jakin aro aka maido shi Gafasa, an lulluɓa masa zane, ana turo keken a baya. Washegari goron ya biyo shi, an tsince shi tsaf an wanke, da saƙon Goni: a ɗan dakata tukuna. Kowa ya san abin da dakatawa take nufi in goro ya dawo gida.

Labari kuwa ya riga jakin isowa. A masallaci aka ware masa buta. Sahun da ya tsaya sai ka ga fili dama da hagu, kamar mai unguwa ne ya zo. Tukur ya shigo gidan yana salati.

"Gwadabe, a dangin wa ka samo wannan? Babanmu bai faɗi ba, kakanmu bai faɗi ba!"

"Yaya, ni ma ban sani ba."

Gaskiya ya faɗa. Bai kawo ƙwaya a ransa ba ko kaɗan, shi ma ya yarda farfaɗiyar ce ta same shi da girma. Ya shige ɗaki ya daina fita, ya daina shan maganin ma gaba ɗaya, ciwon ƙeya ya dawo da ƙarfinsa.

Inuwa bai taɓa yi masa ƙorafi ba, abin da ya fi ci wa Gwadabe rai ke nan. Kullum da safe zai zo ya tsuguna a bakin ƙofa, "Baffa, ina kwana, ya jiki?" ya tashi ya tafi. Yaron ya rame, wuyansa ya fito. Ran nan Barira ta ga ya kwaso turaren wutan nan duka ya kawo mata, ya ce ta yi amfani da shi, shi ba shi da inda zai kai. Aka kuma fara jin wani mai shanu daga wajen Gaya ya soma aika gaisuwa gidan Goni.

Barira ta shiga ɗaki ta tsaya a kan Gwadabe. "Malam, ka ce in na faɗa a bakin aurena. To ga auren yaron nan yana mutuwa saboda bakina a rufe. Tun da ka fara haɗiyar abin nan kake dafa bango. Ranar ka haɗiye na yini guda, ba ci ba sha. Ni ban yi boko ba, amma ko jaki ka ɗora wa kayan kwana uku rana ɗaya, zai durƙusa. Ka koma Gaya ka tambaya, ko ni in yafa mayafi in je."

Ya koma. Wannan karon malamin asibiti ya ce a ajiye gaisuwa sai an gama. Da ya ji labari sai ya dafe kai.

"Duka? Lokaci ɗaya? Cikin ranar nan, ba ruwa? Baba, ai Allah ne ya yi da sauran kwananka! Aikin maganin ya sauko da jini ne. Ka sauko da shi har ƙasa, ka tsiyaye ruwan jikinka, ka daɗe a tsugune, sannan ka miƙe zumbur. Jinin bai kai kanka ba, shi ya sa ka faɗi. Ba farfaɗiya ba ce. Ita ma farfaɗiyar ba a ɗaukarta a yawu, mutane ne dai da tsoro."

Likita ya sake awo, ya rage masa rawayar, ya ce kada ya kuskura ya daina sha, kada kuma ya haɗa, ya riƙa shan ruwa, in zai tashi ya tashi a hankali.

Gwadabe ya fito da sanyin rai, amma sanyin bai kai shi gida ba. Wa zai yarda? In ya ce magani ne, sai a ce wane magani, kai da ba ka ciwo? Dole ya tona kansa. Kuma faɗa da baki ba za ta isa ba, mutanen Kademi da ido suka gani, da ido za su warware.

Ranar Litinin ya hau keke shi kaɗai. Ya tarar da Goni a ƙofar gida da jama'arsa. Da suka hango shi aka fara janye tabarmi. Ya yi sallama, ya zauna daga nesa, zama sosai, ba tsuguno ba. Gaisuwar da ba ta fi ta mai wucewa ba ya yi, wannan kaɗai ta sa mutane kallon juna. Ya ciro batta ya juye a tafin hannu.

"Goni, ni mai ciwo ne. Hawan jini gare ni, wata da watanni ina ɓoyewa. Wannan ce ta sa ni barci kana magana, wannan ce ta jiƙa maka tabarma. Kunyarku ta sa na haɗiye na yini guda a gida don kada in buɗe baki a gabanku. Ba a jinin gidanmu take ba, a battata take. Yanzu lokacin ta rana ya yi. A taimaka mini da ruwa."

Aka turo moɗa da sanda. Gwadabe ya jefa ƙwaya a baki a gaban surukai, ya kafa kai, maƙogwaro yana ƙwat ƙwat, sai da ya ga gindin moɗa. Ya ce a ƙaro. Wani tsoho da ya san shi tun suna samari ya ce, "La'ilaha illallahu, ashe yana da maƙogwaro!"

"Sannan," in ji Gwadabe, gumi yana keto masa, "ina ne makewayinku? Gara in sani tun yanzu."

Daga cikin zaure aka ji dariyar Hajja. "Goni, riƙe mini ɗan Fillon nan. Yau ya sha ruwanmu, ya zama namu."

Goni bai yi dariya ba. Ya dubi battar, sannan ya ce, "Malam Gwadabe, 'ya ba riga ba ce da za a ba da aro. Ka zauna a zauren nan har Juma'a. Ka sha maganinka a gabana yadda aka ce. In ka faɗi, ka tafi da goronka har abada. In ba ka faɗi ba, sai mu yi magana."

Kwanakin nan Kademi ba ta yi aikin kirki ba. Mutumin da ba a taɓa ganin yana tauna ba, ga shi a zaure yana cin tuwo da miyar kuka, mutane sun yi dafifi a ƙofa kamar an kawo kura. Akushinsa daban, moɗarsa daban. Duk sanda zai tashi sai a zuba masa ido. Ya dafa ƙasa, ya ɗago gwiwa ɗaya, ya tsaya ya nisa, ya ɗago ɗayar, ya kama bango, sannan ya miƙe. Hajja ta ce raƙuman kakan Goni ma sun fi shi saurin tashi. Ya yi gyangyaɗi, ya yi zirga-zirga da buta, ya yi magana ta hanci, amma bai faɗi ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka kawo masa akushinsa. Ya wanke hannu ya sa. Sai ya ga mutum tsaye a kansa. Goni Ari ne ya nannaɗe hannun riga, ya wanke hannu, ya zauna ya ja akushin tsakaninsu, ya yanko loma daga gefen da Gwadabe ya fara ci.

"Matsa mini miyar," ya ce. "Kuma ka gaya wa Malam Tukur a dawo da goron. Sabo, ba wanda ka kwanta a kai ba."

Gwadabe ya so ya yi godiya irin tasa, amma bakinsa cike yake da tuwo.

Bayan kaka aka kawo Fanta Gafasa. Barira ta mayar mata da turaren wutan kakarta, ɗaki ya ɗauki ƙamshi har gidanmu. Gwadabe ya ci gaba da zuwa neman aure shekaru da yawa, batta a aljihu, sanda a hannu, yana tashi hawa-hawa, yara suna kiransa Baffa Raƙumi yana amsawa. Ɗan fari na Fanta sunansa aka sa masa.

Sai dai kunya, tunda ta tsage a Kademi, ba ta ɗinku ba. Duk gidan da ya je nema, kafin gaisuwa sai ya ce a kawo ruwa, wai umarnin likita ne. Daga ruwa aka koma fura, daga fura aka koma tambayar me aka ɗora a murhu. Har ta kai in an hango kekensa ya shigo gari, uwar yarinya takan ce a ƙara tsaki a tukunya. Maikuɗi kuwa bai ƙara raka shi ba, takalmansa ma Hajja ta ƙi bayarwa, ta ce sai ya zo da ƙafarsa ya faɗa mata irin taimakon da ya fita nema.